Sai Godiya, Rumbu Ba Iri

Ɗan'uwa, ka ce kana zuwa sujada kana komawa gida da nauyin da ka zo da shi. To, gyara zama ka ji.

An yi wani manomi mai kunyar tsiya. Ko gidansa ke ci da wuta, ka ce masa ya gida, "sai godiya" zai ce maka. Wata shekara gara ta shiga rumbunsa ta cinye damman irin da ya ajiye, ya buɗe ya tarar da ƙasa zalla. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi. Shi ma gogan naka ya saɓa nasa don kada a gane, ya je gona yana saran ramuka yana rufewa ba ko ƙwaya a ciki. Ka ji wauta! Barci ya ƙaurace masa, ko tuwo ba ya iya ci, don ya san in lemar nan ta bushe, shekara ta wuce shi da iyalinsa ke nan.

Ran Lahadi a majami'a mai bishara ya tambaya, kamar kullum, ko akwai mai roƙon addu'a. Mutumin ya sunkuyar da kai, ai shi ko Ubangiji ma "sai godiya" yake ce masa. Da matan zumunta suka tada waƙa, ganga da kacau-kacau suka cika majami'a, sai ya ga ba mai jinsa. Ya rufe ido ya fara faɗin abin da ke cinsa, tun yana raɗa har ya saki murya. Ashe daidai nan mai ganga ta dire kiɗa, wuri ya yi tsit, sai muryarsa kaɗai: "Ya Uba, ba ni da iri!" Kai, ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ba wanda ya waiwayo. Mai bishara ya ce amin, jama'a duka suka amsa.

Abin mamaki, yana fita ya ji ƙirjinsa wasai. Bai da ƙwaya ɗaya fiye da yadda ya zo, amma ya ci tuwo ya sha ruwa, ya miƙe gindin ɗorawa ya yi barcin da rabonsa da shi tun saukar ruwa. Ya riga ya faɗa wa Mai shi, saura kuma ba aikinsa ba ne.

Da gari ya waye ya tarar da ƙore jere a ƙofar gida: wannan gero, wannan dawa ƙaura, wannan farfara, wancan ɗan wake, ba a san na wane da wane ba. Gonarsa a shekarar ta fito dabbare-dabbare, mutane na wucewa suna dariya, shi ma yana taya su. In an ce masa ya gona, "sai godiya" yake cewa, amma yanzu har cikinsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.