Ɗakin Waken da Yake Numfashi

Ajiye wayar nan tukuna, ɗan'uwa. Tun ɗazu idonka na kan farashi, ya hau ka washe baki, ya sauka ka dafe ƙirji. Zauna ka ji na wani mai sayen hatsi.

Mutumin nan ya taɓa sayar da wakensa da wuri, bayan mako biyu farashi ya ninka, abokan kasuwa suka yi ta yi masa dariya har a wurin mai shayi. Abin ya tsaya masa a rai. Da kaka ta zagayo sai ya sayar da shanun nomansa biyu, waɗanda da su yake ciyar da gidansa, ya zuba kuɗin kaf a wake. Ya jera buhuna a ɗaki, ya rufe, ya liƙe ƙofar da laka, ya rantse ba zai buɗe ba sai buhu ya ninka uku. To, kowa ya san wake ba a yi masa haka. Ana dubawa, a shanya, a barbaɗa toka ko barkono. Amma shi tsoro yake kada ya ga buhunan zuciyarsa ta karye ya sake sayarwa da wuri. Bazara ta shigo, farashi ya ninka biyu. Dillali ya zo har gida da mota, mutumin ya ce a'a, da saura. A kwanakin ne, da tsakar rana, gari ya yi tsit, ya fara jin wani sauti daga ɗakin, ƙis-ƙis-ƙis, a hankali, ba ya yankewa. Ya kara kunne a bango, sai ya ji bangon da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Ka san abin da ya gaya wa kansa? Wai arziki ne yake motsi.

Wata rana ya ga ƙwari baƙaƙe sun yi layi suna fitowa ta ƙasan ƙofa. Ya waiga hagu da dama, ya murje su da takalmi, ya kwaɓa laka ya toshe ramin. Wallahi ya sani. Can ƙasan ransa ya sani, shi ya sa ma ya daina bi ta gefen ɗakin, ya kuma hana iyalinsa shanya a wurin. Ruwa ya sauka, farashi ya fara gangarowa, mutumin ya ce bari farashin ya koma inda yake jiya tukuna. Bai koma ba. Sai da maƙwabta suka fita huɗa da shanunsu, shi yana tsaye hannu rabbana, sannan ya ɗauko gatari ya fasa lakar. Wani wari mai zafi ya buso masa. Ga buhuna nan a tsaye, sahu-sahu, cike fam yadda ya bar su, har ya fara hamdala. Ya ɗora hannu a kan na farko, buhun ya lotsa, ya durƙushe a hankali, gari da ƙwari suka kwararo masa a kan ƙafafu. Sautin nan bai tsaya ba, yana ci gaba a sauran buhunan.

Ni tausayinsa nake ji, don ba kasuwa ce ta cinye shi ba. Ƙofar da ya ƙi buɗewa ce. Kai ma in riba ta zo maka har gida, karɓi rabonka ka gode wa Allah. Hausawa suka ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.