Igiyar Awon Ɗaki

Sagir ya tarar da Ummusalma a zauren gidan iyayenta, riƙe da igiyar da gwaggonta ta auna ɗakin da zai ajiye ta. Ya kalli ƙullin da aka yi wa igiyar a daidai tsawon gadonta, ya sunkuyar da kai.

"Gadon naki ba ya shiga, ko?"

"Gwaggo ta ce a ɗaga biki sai ka samu gida."

"Umma, tun da mutanen ƙauyuka suka kwararo Kaura, hayar tsohuwar unguwa ta fi ƙarfin direba. Gidan kakana ma ya koma shaguna."

Ta daɗe tana murza igiyar. Can sai ta kwance ƙullin, ta matso da shi taƙi guda, ta sake ƙullawa, ta miƙa masa igiyar.

"Kai wa kafinta ya rage gadon. Gwaggo kuwa, bar ni da ita."