Ranar da Goggo Ta Zura Mu a Rumbu

A garin Garwa, zamanin mulkin Jamus, duk yaron unguwar mahauta da aka yaye, tsakar gidan Goggo ake kai shi. Tsohuwa ce da ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta koya mana gaisuwa, da wanke hannu, da cin tuwo a akushi ɗaya ba faɗa.

Wata la'asar muna biya Fatiha, maƙwabciyarta ta faɗo ba sallama.

"Goggo, an ce sojan Jamus na bi gida-gida suna kwasar yara zuwa makarantarsu!"

Goggo ba ta tsaya tambaya ba. Ta riƙa ɗaga mu tana zurawa a rumbu. Har yau ina jin warin tsohuwar dawa, da ƙaiƙayi a wuyana. Ta leƙo ta ce, "'Ya'yana, karatun yau shiru ne. Wanda ya fi iyawa, shi ne nawa."

Ba sojan da ya zo. Amma iyayenmu suka tsorata da tara yara wuri guda, ba a ƙara kai mu ba.

Ni na fi kowa iyawa. Ga shi na tsufa, ina jira ta leƙo ta ce an tashi.