Turaren Mai Jego a Cikin Inji

An yi wani tela da matarsa ta tafi gidan iyayenta wankan jego, haihuwar fari. Ranar da ya raka ta ya yi mata alkawari: in ta gama wanka, shi da kansa zai zo ya ɗauko ta da jaririyar a 'yar motarsa, ba za ta sa 'yarsu a motar haya ana matse su da buhuna ba. Tun daga nan, da yake ɗakin ya yi masa faɗi, sai ya mayar da kewarsa kan motar. Kullum da safe kafin ya buɗe shago zai ɗaga murfin inji, ya ciro matatar iska, wadda kanikawa ke ce wa filta, ya kakkaɓe ta a jikin taya, ya hure, ya mayar. Akwai wani tiyon roba mai kauri da ke ɗaukar iska daga akwatin filtar zuwa inji. Maimakon ya sassauta zoben da ya ɗaure shi, sai ya riƙa banƙare shi da hannu ɗaya don murfin akwatin ya buɗu. Ana saura kaɗan a gama wanka, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Motar ta fara karkarwa in ta tsaya, wani lokacin ma ta mutu a tsakiyar titi. Ya kai ta wurin wani dattijon bakanike, aka jona mata kwamfuta, wata lamba ta fito. Dattijon ya ce ma'anarta ita ce iskar da ke shiga inji ta fi wadda aka auna, man ya yi mata kaɗan. Ya ce, "Angon ƙarni, kwamfuta ta ce ɓarawo ya shiga gida, amma ba ta ce ta wace kafa ba. Bar min ita in bi ta a hankali." Tela kuwa yana sauri. Shi dai ya ji an ambaci awo, don haka ya dage a canja sensa, wato 'yar na'urar da ke auna iskar. Aka canja. Bai kai gida ba fitilar ta dawo. Ya ɗora laifin a kan ɗan bumburutun da ya sayar masa da mai, ya juye tanki ya zuba na gidan mai. Fitila na nan.

Ana gobe tafiya, da hantsi, ya koma garejin dattijon. Ya riga ya fara tunanin yadda zai tsaya a ƙofar gidan surukai da ƙafa, ya ce mata su je tasha. Dattijon bai yi masa gori ba, ya dai ce abin da ido bai gani ba hayaƙi zai nuna, ya sa tela ya nemo abin da ke hayaƙi sosai. Tela ya tuna kwalbar turaren wutan matarsa da ke kan madubi, wadda bai taɓa ba tun tafiyarta. Ya je ya ɗauko. Suka bari inji ya huce, suka toshe bakin tiyon, suka sa garwashi da turaren a gwangwani mai murfi, dattijon ya hura hayaƙin ciki ta wani siririn bututu. Suka zuba wa tiyon ido. Can sai ga wani zare na hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin tiyon, daidai gwiwar da tela ke banƙarewa kowace safiya. Tela ya sa yatsa ya shafa, ya ji tsaga da ba ta fi bakin allura faɗi ba. Ta nan iskar ke sulalewa bayan ta wuce wurin awo. Ashe sensa gaskiyarta take faɗa, ɗan bumburutu ma bai ci amanar kowa ba. Hannun tela ne, da yawan kulawarsa. Aka sa sabon tiyo, aka goge lambar, injin ya kwantar da murya. Washegari ya isa garin surukansa lafiya. Matar ta shiga gaban mota da jaririya a ƙirji, ta ja numfashi, ta dube shi ta gefen ido ta ce, "Baban Ummita, wa ya ba ka izinin taɓa min turare?" Ya yi dariya, ya tayar da mota, fitilar ba ta kama ba.

To ka ji. In abu ya shigo maka inda bai kamata ba, kafin ka kama na waje da faɗa, shafa jikin naka ginin tukuna, har ma wurin da ka fi taɓawa. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.