Sharaɗin Yaya

Ranar da igiyar keken ɗinkinta ta tsinke, wani mai jita ne ya durƙusa ya ɗaure mata ita da tsirkiyar jitarsa, bai ko jira godiya ba. Shi ya sa yau ƙafarta ta yi nauyi a ƙofar gidan kiɗan, ga ta ɗauke da amsar yayanta kan aurenta da ya nema.

La'asar ce, ba kowa sai kujeru a kife a kan tebura. Yana kan dandamali yana gwada sauti, ido a rufe kamar mai addu'a.

"Tela, yau ke ce a nan? Ko ɓatan kai kika yi?" Dariyarsa ta tsaya da ya ga tana murɗa bakin mayafi.

"Yaya ya amince," ta ce, kanta a ƙasa. "Amma sai ka bar kiɗa."

Ya kwantar da jitar a akwatinta. Sau biyu yatsunsa suna kuskure maɓallin kafin ya rufu.

"Shi ke nan, na bari."

Ta gane maganar ba ta kai zuciyarsa ba, alhali amsar da ta yi ta roƙon Allah ke nan. Ta hau dandamalin, ta buɗe akwatin ta miƙa masa jitar.

"Zan koma wurin Yaya. Ai kai ka taɓa roƙona, duk ranar da ka yi mini ƙarya don ka same ni, kada in yarda."