Hannuwan Kaltumi

Mutum biyar suka mutu a ɗaki na huɗu cikin wata biyu, kuma hukumar asibitin ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta sa an yi wa ɗakin sabon fenti.

Na shida makiyayi ne daga Affala. An yi masa aikin hanji, ya farfaɗo, har ya fara shan kunu yana tambayar raƙumansa. Zazzaɓi ya kama shi ranar Laraba, aka yi masa sutura ranar Lahadi. A lokacin ne Direkta Attaher ya tuna cewa akwai Dokta Muktari a labo, ɗakin gwaje-gwaje.

Muktari ba likitan duba marasa lafiya ba ne. Shekara shida ya yi a Turai yana nazarin kandida, wani yis ɗan'uwan na burodi, sai dai shi idan ya samu hanya cikin jinin mai rauni yakan yi kisa. Bayanin halittar wannan yis a naɗe yake kamar zare a kan kwarkwaro, kuma akwai wata ƙungiyar sinadarai da aikinta kwance naɗin a daidai inda ake son karantawa. Muktari ya bi 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya yana cirewa, har ya iso ga wani mai suna Snf5. Da aka cire shi, yis ɗin ya kasa kashe ɓera ko ɗaya. Aka ba Muktari digiri da yabo.

Asibitin garin Tawa kuwa ya ba shi firji ɗaya da ɗalibai takwas. Litinin da Alhamis da safe yana koya musu shuka ƙwayoyin cuta a faranti, da wani yis mara haɗari, hannu ba safa, tunda kwali ɗaya ake samu a wata kuma ɗakin tiyata ya fi buƙata. Daga nan su wuce ɗakunan jinya ɗibar jini. Babu wanda ya taɓa tambayarsa mene ne Snf5, shi dai yana faɗa.

Kwana huɗu ya yi a kan jinin mamatan. Kandida ne, kuma ta wurin allurar ƙarin ruwa ya shiga. Mutum ɗaya ke sa wannan allura a ɗaki na huɗu, ita ke gyara ta idan ta motsa: Kaltumi, shekara sha tara tana jinya. Ya goga auduga a tafinta, ya shuka. Farantin ya yi fari fat.

"Doktor, hannuwan ga sau nawa nike wanke su?" in ji Kaltumi. "Dubi yadda sabulu ya cinye su."

"Madam, ni ban ce komi ba. Faranti ya ce."

Aka dakatar da ita, kafin kwamiti ya zauna kan korarta.

A rubuce, dakatarwar sirri ce, don haka masu kabu-kabun bakin asibiti ba su ji ba sai bayan azahar. Maƙwabta suka daina aiko yara karɓar maganin ciwon kai. A wani suna ta dama fura, kwanon ya dawo yadda ya tafi. 'Yan'uwan makiyayin su uku suka zo suka zauna a ƙofar gidanta da rawunansu, ba su yi sallama ba, ba su yi zagi ba. Yini biyu suka yi, suka tashi.

Sati uku da tafiyarta, wata mata daga Bambeye ta mutu a ɗakin. Muktari ya yi bayani cewa yis yana daɗewa a jikin katifa. Aka ƙone katifu. Bayan kwana goma wani dattijo ya bi ta, a kan sabuwa.

Muktari ba mutumin zato ba ne, yana son hujjar da babu mai musu. Ya haɗa yis ɗin jinin mamatan da na tafin Kaltumi, ya aika tsohon labonsa na Turai a karanta halittarsu baki ɗaya. Ya roƙi su aiko amsar kai tsaye ga direkta, don kada a ce ya sa hannu.

Amsar ta iso ran da kwamitin ya zauna. Kaltumi na kan benci a bakin ƙofa, hannuwanta cikin mayafi.

"Ka gani, iri guda ne," in ji Muktari, da Attaher ya karanta shafin farko. "Na jinin da na hannunta."

"Akwai shafi na biyu, Doktor."

Attaher ya karanta shi a zuci, ya sake karantawa, sannan ya cire tabarau ya kira Kaltumi ta shigo ta zauna a kujera.

Shafin gajere ne. Yis ɗin da ya kashe mutum takwas, wanda Kaltumi ta kwasa a jikin alluran majinyatanta, ba shi da Snf5. Da hannu aka cire shi, aiki mai tsabta, har da alamar labon na Turai a gurbin. Ɗalibinsu ɗaya ne ya taɓa yin irinsa, kuma littafin ajiyarsu ya nuna ya tafi gida da kwalba ɗaya don koyarwa. Sun ƙara da cewa a kan ɓeraye kawai aka gwada rashin haɗarinsa.