Faɗan da Aka Yi wa Kyamara

Kai da kake ce mini ai wasa ne, zauna ka ji inda irin wannan wasan ya kai wasu. Wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, suka gaji gareji. Sana'arsu su sayi mataccen babur su yanka shi, su ƙara masa tsawo, su sake masa tanki da fenti, ya fito kamar ba a ƙasar nan aka ƙera shi ba. Wan ke walda, ƙanen ke haɗa inji, kwano ɗaya suke sa hannu. Sai masu shirin talabijin suka ji labarinsu suka zo. Da suka ɗauki aikin a kyamara suka kalla, mai shirin ya yatsine fuska ya ce ba mai ɓata lokacinsa kallon mutanen da ke zaman lafiya, su ɗan riƙa faɗan ƙarya. Marasa wayon suka yarda! Wan ya yi jifa da sifana, ƙanen ya shure galan, a kashe kyamara su kwashe da dariya. To amma ɗan kallo ba ya ƙoshi. Zagin jiya ba ya gamsar da shi yau. Mai shirin ya koma jan kowa gefe yana raɗa masa abin da wai ɗan'uwansa ya faɗa a bayan idonsa. Rannan zagin aiki ya ƙare wa ƙanen, ga fitila a fuskarsa, ana yi masa alama da hannu ya ci gaba. Shi kuwa wan ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. Sai ƙanen ya buɗe baki ya ce, "Ka cika gari da babura, ka kasa ajiye ɗa ko ɗaya a gida!"

Tun bai rufe baki ba ƙanen ya gane ya yi ɓarna. Ya bi mai shirin har bakin mota yana roƙo don Allah don Annabi a yanke wurin. Azzalumin ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, sannan ya mai da wurin tallar shirin, ana maimaita shi safe da yamma. Matar wan a wajen bikin suna ta ga tallar, cikin mata, kowa ya sunkuyar da kai. 'Yan acaɓa suka mai da maganar abin tsokana a bakin titi. Wan bai yi zagi ba, bai yi duka ba. Bulo ya sayo ya ja katanga a tsakiyar garejin ubansu, su kuwa marasa kunyar nan suka kafa kyamara suka ɗauki ginin katangar, da suka ga babu sauran abin tatsa suka naɗe wayoyinsu suka nufi gidan wasu kafintoci. Ƙanen ya ɗauko kawunnansu da limamin unguwa, ya durƙusa yana hawaye ya ce wallahi sa shi aka yi. Wan ya dube shi ya ce, "Na yafe maka. Amma su ba su san ciwona ba, kai ka sani." Har yau in sun haɗu a masallaci suna gaisawa, gaisuwar baƙi.

Don haka kada ka sake ce mini wasa ne. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.